Tambayoyi da Amsoshi kan KUnit: Yadda Ake Gudanar da Gwaji da Rubuta Shi a Kanel ɗin Linux

Wannan shafi na wanda ya iya yaren C daidai gwargwado ne, ya saba da buga umarni a Linux, kuma yana son ya taɓa kanel da hannunsa amma fargaba ta hana shi. Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ke raba memori, shi ke ba kowace manhaja lokacinta a kan furosesa, shi ke magana da faifai da madannai da katin intanet. Duk wayar Android da ke hannun mutane, kanel ɗin Linux ne a ƙarƙashinta.

Mene ne KUnit, kuma daga ina ya fito?

Tsari ne na gwada ƙananan ɓangarorin kanel ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗauki fankishin guda, ka ba shi abin da ka san amsarsa, ka duba ko amsar da ya mayar ita ce. Brendan Higgins, injiniya a kamfanin Google, shi ya fara gabatar da shi a 2018, aka yi ta gyara da muhawara har ya shiga Linux 5.5 da ya fito a Janairun 2020. David Gow da Rae Moar na cikin waɗanda suka ci gaba da kula da shi. Kod ɗinsa yana `lib/kunit`, kayan gudanar da shi suna `tools/testing/kunit`, bayaninsa kuma yana `Documentation/dev-tools/kunit`.

Kafin zuwansa ba a zaune ake ba. Sassa da dama suna da nasu gwajin, sai dai kowa da irin nasa: wannan ya buga saƙo a dmesg (inda ake ganin saƙonnin kanel), wancan ya mayar da lambar kuskure, wani kuma sai mai shi ne kaɗai ya san yadda ake karanta sakamakon. Abin da KUnit ya kawo shi ne hanya ɗaya ta rubutawa da hanya ɗaya ta bayar da sakamako.

Me ya sa ba za a yi amfani da kayan gwajin C na yau da kullum ba?

Domin kod ɗin kanel ba ya rayuwa a wajen kanel. Babu `malloc`, babu `printf`, babu laburaren C da aka saba. Fankishin ɗin da kake son gwadawa yana kiran `kmalloc`, yana riƙe makulli (abin da ke hana kod biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda), yana dogara da abubuwan da sai kanel ya tashi ake samunsu. In ka ciro shi waje, sai ka ƙirƙiri jabun duk waɗannan, daga ƙarshe ka tarar jabunka kake gwadawa. Shi ya sa ake gina gwajin KUnit a cikin kanel ɗin kansa, ya gudana a ciki, da iko iri ɗaya da kod ɗin da yake gwadawa.

To ba zai lalata mini kwamfuta ba?

A'a, muddin ta hanyar `kunit.py` ka bi. In ba ka ce masa komai ba, yana gina kanel ne a sigar UML (User-Mode Linux), wadda Jeff Dike ya ƙirƙiro tun da daɗewa: kanel ɗin Linux da ke gudana a matsayin manhaja ta talakawa, kamar kowace manhaja da kake buɗewa. Ba ya buƙatar ikon root, ba ya taɓa kanel ɗin da kwamfutarka ke tafiya a kai. In ya mutu, manhaja ɗaya ce ta mutu, ka gyara ka sake tayarwa.

Wannan ne ya sa nake ganin KUnit ita ce ƙofar da ta fi sauƙin shiga ga sabon hannu. A da, gwada ƙaramin canji na nufin gina kanel, girka shi, kashe kwamfuta a kunna, a yi ta addu'a ta tashi. Yanzu umarni ɗaya ne.

Me zan tanada?

Kwamfuta mai Linux, da `gcc`, `make`, `flex`, `bison`, `bc` da `python3`, sai kod ɗin kanel. Ga mai lissafin data: cikakken tarihin git na Linux gigabait da dama ne, amma `git clone --depth 1` yana ɗauko sigar ƙarshe kawai, dunƙulallen fayil na kernel.org kuma bai kai megabait 200 ba. Da zarar ka sauke, ba ka ƙara buƙatar intanet don gwaji. Ginin farko ne ke ɗaukar lokaci, 'yan mintoci gwargwadon ƙarfin na'urarka. Bayan nan fayilolin da ka taɓa kaɗai ake sake ginawa, ko da wuta ta ɗauke a tsakiya, daga inda aka tsaya za a ci gaba.

Yaya zan gudanar da gwajin farko?

Ka shiga babbar foldar kanel ka buga:

```
./tools/testing/kunit/kunit.py run
```

Aiki huɗu yake yi a jere: ya tsara saitin kanel, ya gina shi a foldar `.kunit`, ya tayar da shi, sannan ya karanta abin da ya fito ya jera maka wanda ya wuce da wanda ya faɗi. Kowane mataki yana da nasa umarnin in kana son rabawa: `config`, `build`, `exec`, `parse`. Ɗanyen abin da kanel ya buga yana nan a `.kunit/test.log`, ko ka ƙara `--raw_output` ka gan shi kai tsaye.

Ba sai ka gudanar da komai ba. `kunit.py run example` zai tsaya kan rukunin misali kaɗai. Sassa da yawa kuma suna da nasu fayil ɗin `.kunitconfig` da ke lissafa saitin da gwajinsu ke buƙata, don haka `kunit.py run --kunitconfig=fs/ext4` zai gina maka abin da ya shafi ext4, tsarin ajiye fayiloli a faifai.

Ya ƙi ginawa, yana cewa foldar kod ba ta da tsabta.

Ka taɓa gina kanel kai tsaye a cikin wannan foldar ke nan. `make ARCH=um mrproper` zai share ragowar. Amma ka kula, yana share `.config` ɗinka ma, ka kwafe shi gefe tukuna in kana so.

Ɗaya ƙorafin da aka fi ci karo da shi shi ne cewa wani saiti da ka rubuta a `.kunitconfig` bai bayyana a `.config` na ƙarshe ba. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: saitin ya dogara da wani saitin da ba ka kunna ba, ko kuma ba ya samuwa a UML. Ka buɗe fayil ɗin `Kconfig` na sashen ka karanta layin `depends on`.

Yaya ake rubuta gwaji?

Mu ɗauki fankishin na gaske. A `drivers/rtc/lib.c` akwai `rtc_month_days`, wanda ake ba wata da shekara ya faɗi kwanakin watan. Abu na farko da za ka lura in ka karanta shi: yana ƙirga watanni daga sifili, wato Janairu 0, Fabrairu 1. Ga gwajin Fabrairu:

```c
#include <kunit/test.h>
#include <linux/rtc.h>

static void kwanakin_fabrairu(struct kunit *test)
{
	KUNIT_EXPECT_EQ(test, rtc_month_days(1, 2023), 28);
	KUNIT_EXPECT_EQ(test, rtc_month_days(1, 2024), 29);
	KUNIT_EXPECT_EQ(test, rtc_month_days(1, 2000), 29);
	KUNIT_EXPECT_EQ(test, rtc_month_days(1, 2100), 28);
}

static struct kunit_case jerin_gwaji[] = {
	KUNIT_CASE(kwanakin_fabrairu),
	{}
};

static struct kunit_suite rukunin_wata = {
	.name = "rtc_kwanakin_wata",
	.test_cases = jerin_gwaji,
};
kunit_test_suite(rukunin_wata);

MODULE_DESCRIPTION("Gwajin rtc_month_days");
MODULE_LICENSE("GPL");
```

Kowane gwaji fankishin ne da ke karɓar `struct kunit *test` ba ya mayar da komai. Ana jera su, a rufe jerin da `{}` wanda babu komai a ciki, domin da shi KUnit ke gane ƙarshen jerin. In ka manta shi, zai zarce yana karanta memorin da ba nasa ba. Sai a ɗaure jerin a rukuni mai suna, a yi masa rajista da `kunit_test_suite`.

Saura abu biyu. A `Kconfig` ka ƙara saiti mai suna da ya ƙare da `_KUNIT_TEST`, ya dogara da `KUNIT` da abin da kake gwadawa, ka sa masa `default KUNIT_ALL_TESTS` domin masu gudanar da dukkan gwaje-gwaje su same shi ba tare da sun san da zamansa ba. A `Makefile` kuma ka ƙara layin da zai gina fayil ɗin. Ƙa'idar suna ta yanzu ita ce fayil ya ƙare da `_kunit.c` a cikin foldar `tests`, ko da yake za ka ga tsofaffi da yawa masu ƙarewa da `test.c`.

Ka duba shekarun da na zaɓa. Shekarar da ke rabuwa da 4 Fabrairunta kwana 29 ne, sai dai in tana rabuwa da 100, nan ya koma 28, sai kuma in tana rabuwa da 400, ya sake zama 29. Layi huɗun nan kowanne yana tsaron reshe ɗaya na wannan ƙa'ida. Da na jera 2021, 2022, 2023, 2025 da wasu ashirin irinsu, da gwajin ya yi tsawo a ido amma abu ɗaya yake ta maimaitawa.

Gwajina ya wuce. Na gama ke nan?

Tukuna. Ka je ka ɓata kod ɗin da gangan ka ga ko gwajin zai kama. A `include/linux/rtc.h` akwai `is_leap_year`, wanda `rtc_month_days` ke kira. Ka cire sharaɗin rabuwa da 100 ka sake gudanarwa. Abin da ya kamata ka gani:

```
Expected rtc_month_days(1, 2100) == 28, but
    rtc_month_days(1, 2100) == 29 (0x1d)
not ok 1 kwanakin_fabrairu
```

tare da sunan fayil da lambar layin da aka faɗi. Da babu layin 2100 a gwajin, da ya wuce lafiya lau alhali kod ɗin a ɓace yake. Bakanike ma yakan ɗora gwajin wutarsa a kan batirin da ya san yana da caji kafin ya yarda da abin da ya nuna masa a kan na mota.

Ina nanata wannan ne saboda gwajin da ba zai iya faɗuwa ba ya fi rashin gwaji illa. Wanda zai canja kod ɗin bayan shekara biyar zai ga kore, alamar an wuce, a allonsa ya saki jiki. Akwai ma lokacin da gwajin bai gudana ba sam, saboda an manta kunna saitinsa, mutum yana ta murna da sakamakon gwaje-gwajen wasu. Ka nemi sunan rukuninka a cikin sakamakon da idonka.

In kuskure kake gyarawa, ka fara rubuta gwajin da ke faɗuwa saboda kuskuren, sannan ka gyara, ka ga ya wuce.

Mene ne bambancin EXPECT da ASSERT?

In `KUNIT_EXPECT_` ya ga saɓani, yana rubuta cewa an faɗi, ya ci gaba zuwa layi na gaba. In `KUNIT_ASSERT_` ne, gwajin ya tsaya nan take. Ka yi amfani da na farko a mafi yawan lokuta, domin ganin kurakurai huɗu a lokaci ɗaya ya fi bayyana inda matsalar take. Na biyun na wurin da ci gaba zai jawo ɓarna ne, kamar bayan neman memori: `KUNIT_ASSERT_NOT_ERR_OR_NULL` zai hana ka bin manunin da ba ya nuna ko'ina.

Yadda tsayawar ke faruwa yana da muhimmanci. Kowane gwaji yana gudana a zarensa (thread) na kanel, ASSERT kuma zaren yake kashewa. Don haka duk layin da ke ƙasa ba zai gudana ba. In kana riƙe da makulli, ba za a sake shi ba, gwajin da ke biye zai iya maƙalewa yana jira. Kada kuma ka kira ASSERT daga wani zare daban da ka tayar.

Memorin da na ɗauka fa, in gwajin ya tsaya a tsakiya?

Ka yi amfani da `kunit_kzalloc` ko `kunit_kmalloc` maimakon na asali. KUnit zai mayar da memorin da kansa in gwajin ya ƙare, ko ya wuce ko ya faɗi. Ga sauran abubuwan da ke buƙatar rufewa akwai `kunit_add_action`, wanda kake ba fankishin ɗin sharewa tun daga farko. Rukuni kuma yana iya samun `.init` da `.exit` masu gudana kafin kowane gwaji da bayansa. Ka sani `.exit` yana gudana ko da `.init` ya gaza, saboda haka ka rubuta shi yadda zai jure samun aiki rabi.

Fankishin ɗin da nake son gwadawa `static` ne, fayil ɗin gwaji ba ya ganinsa.

Hanya biyu ce. Ko dai ka shigo da fayil ɗin gwajin da `#include` a ƙarshen fayil ɗin asali, a ƙarƙashin `#ifdef` na saitin gwajin, ko ka yi amfani da `VISIBLE_IF_KUNIT` da `EXPORT_SYMBOL_IF_KUNIT` daga `kunit/visibility.h`, waɗanda ke buɗe fankishin ɗin idan an kunna KUnit kaɗai. Kafin ka yi ko ɗaya, ka tambayi kanka ko ba za a iya isa gare shi ta fankishin ɗin da ke kiransa ba. Gwajin da ya manne wa kayan ciki sosai yakan karye duk lokacin da aka sake tsara kod, ko da halayyarsa ba ta canja ba.

Direba nake rubutawa, kuma UML ba shi da na'urar. Yaya zan yi?

Nan ne aikin yake da gaske. KUnit ba zai ƙirƙiro maka na'ura ba. Amma kaso mai yawa na kowane direba ba magana da na'ura yake yi ba, lissafi yake: fassara saƙon da ya zo, auna girman ma'ajiyar wucin gadi, zaɓar hanya, tantance ko lambar da aka bayar tana cikin iyaka. In ka raba wannan lissafin daga layukan da ke karanta rajistar na'ura, ya zama abin gwadawa. Sau da yawa ƙoƙarin rubuta gwajin ne ke nuna cewa fankishin ɗin yana aiki uku a lokaci ɗaya.

Kanel ya riga ya sauƙaƙa wannan, domin cike yake da jerin manunan fankishin, irin masu suna da ke ƙarewa da `_ops`. Ka cika jerin da fankishin na jabu masu mayar da abin da ka ga dama, har da lambar kuskuren da na'urar gaske ba za ta bayar ba sai sau ɗaya a shekara. Inda babu irin wannan jerin, akwai `KUNIT_STATIC_STUB_REDIRECT` da ake sakawa a farkon fankishin, da `kunit_activate_static_stub` da ke karkatar da kiran zuwa na jabu a lokacin gwaji kaɗai. Mai son ganin yadda manya suka yi ya buɗe `drivers/thunderbolt/test.c`, inda ake gina jabun na'urori a memori a gwada neman hanya tsakaninsu, ko foldar `drivers/gpu/drm/tests`.

Ina da misalai hamsin na shigarwa da amsa. Sai na rubuta gwaji hamsin?

Ka zuba su a tebur, ka yi amfani da `KUNIT_ARRAY_PARAM` da `KUNIT_CASE_PARAM`. Gwaji ɗaya zai gudana a kan kowane layi, kowanne da nasa sakamakon. `fs/ext4/inode-test.c` misali ne mai kyau. Ƙirgen daƙiƙoƙi daga 1970 a lamba mai bit 32 zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, ext4 kuma ya ƙara bit biyu da suka kai shi shekarar 2446. Teburin gwajin ya jera iyakokin nan ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar ana fassara kowace daidai.

Wani lokaci kuma a gwada duka ne kawai. `kernel/time/time_test.c` yana bin kowace rana a tsawon shekara 160,000 da 1970 ke tsakiyarsu, yana duba fassarar daƙiƙoƙi zuwa kwanan wata. Irin wannan ana yi masa rajista da `KUNIT_CASE_SLOW`, mai sauri kuma ya tsallake shi da `--filter "speed>slow"`.

In ya wuce a UML, ya wuce ko'ina?

Ba dole ba. Wasu furosesa bit 32 ne, wasu suna jera bait daga babba zuwa ƙarami, akasin na kwamfutarka. Kod da ke fassara bayanai daga faifai ko intanet yakan yi tuntuɓe a nan. In ka girka QEMU, manhajar da ke kwaikwayon na'ura, `--arch=x86_64` ko `--arch=i386` zai tayar da kanel na gaske a kwaikwayon na'ura. Ga sauran sai ka haɗa da mai harhaɗa kod na wannan furosesar, misali `--arch=arm64 --cross_compile=aarch64-linux-gnu-`. Ana yawan amfani da s390, furosesar da ke jera bait daga babba zuwa ƙarami, don duba matsalar jerin bait.

Ina matsayin kselftest da syzkaller da KASAN?

kselftest, wanda Shuah Khan ke kula da shi a `tools/testing/selftests`, daga waje yake gwada kanel, kamar yadda manhaja ke ganinsa: ya kira, ya duba amsa. In tambayarka ita ce ko wani kira daga manhaja yana aiki daga farko har ƙarshe, can za ka. syzkaller na Dmitry Vyukov yana jefa wa kanel kiraye-kirayen da ba a tsara ba har sai wani abu ya fashe, yana gano abin da ba wanda ya yi tunaninsa. KASAN kuwa mai gadi ne da ke kama taɓa memori ba bisa ƙa'ida ba, kuma yana tafiya da KUnit sosai. Ka gwada `--arch=x86_64 --kconfig_add CONFIG_KASAN=y`. Fankishin zai iya mayar da amsa daidai alhali ya karanta bait ɗaya fiye da iyakarsa, gwajinka ba zai gani ba, KASAN zai gani.

Zan iya gudanar da gwajin a na'ura ta gaske?

Za ka iya. In an gina gwajin a cikin kanel, yana gudana lokacin tashi kafin manhajar farko ta fara. In a matsayin mojul ne, yana gudana da zarar ka loda shi da `modprobe`. Sakamakon yana fita a dmesg cikin tsarin KTAP, wanda ya samo asali daga TAP na yaren Perl: layukan `ok` da `not ok` masu lamba. `dmesg | ./tools/testing/kunit/kunit.py parse` zai tsara maka shi, in kuma an kunna `CONFIG_KUNIT_DEBUGFS` za ka same shi a `/sys/kernel/debug/kunit`.

Sai dai a nan babu katangar UML. Kada ka yi haka a na'urar da ake aiki da ita. Tun daga Linux 6.0, kanel ɗin da aka gudanar da gwaji a cikinsa yana samun tambarin `N`, domin duk wanda aka kai wa rahoton matsala daga wannan na'ura ya san an yi gwaji a cikinta.

Kanel ya mutu a tsakiya, sauran gwaje-gwajen ba su gudana ba.

Duk a kanel ɗaya suke, in ya faɗi ya tafi da kowa. Ka duba ƙarshen `test.log` ka ga gwajin da ake ciki. In kana zargin wani gwaji na baya ne ya bar ɓarna, `--run_isolated=suite` zai tayar da sabon kanel ga kowane rukuni, `--run_isolated=test` kuma ga kowane gwaji. Wanda ke wucewa shi kaɗai amma yana faɗuwa cikin jama'a, ko akasin haka, yana dogara ne da wani abu da wani ya bari a memori.

Masu kula da kanel suna karɓar facin (canjin kod da ake aika musu) da gwaji ne kawai a cikinsa?

Ana karɓa, in gwajin yana tsaron wani abu na gaske. Ka zaɓi fankishin mai lissafi zalla wanda ba shi da gwaji, foldar `lib` cike take da irinsu. Ka gudanar da `scripts/checkpatch.pl` a kan facin, `scripts/get_maintainer.pl` kuma zai gaya maka masu kula da sashen da za ka aika wa. A bayanin facin ka faɗi abin da gwajin ke dubawa, ka rubuta ainihin umarnin `kunit.py` da ka yi amfani da shi da furosesar da ka gwada a kai, ka sa layin `Signed-off-by` da sunanka. In gwajin ya tono kuskure a kod ɗin, ka raba faci biyu, gyaran a gaba, gwajin a bayansa, domin kada a samu wani mataki a tarihin git da gwajin ke faɗuwa a cikinsa.